Sunana Bai Hau Dutsen Sabis Ba

Litinin 6 ga Oktoba, bayan La'asar

Masha Allah, yau na ga ilimi da idona. Duk wanda bai je ofishin ƙungiya da safen nan ba ya yi asara. Peculiar, 'yar Malam Matiyu sakatarenmu, ta dawo daga Kaduna da wata kwamfuta siririya kamar faranti, ta buɗe a gaban dattawa, ta nuna musu abin da ake kira Tailwind, sabuwar hanyar yi wa shafin intanet kwalliya. Allah ya ƙara basira. Maɓalli guda ɗaya tak, wanda ake dannawa a ga labarin hanya, ta rataya masa laƙabi sun fi na ɗan takara a fosta: wannan na faɗinsa, wannan na launinsa, wannan na lanƙwasar gefensa, wannan na yadda zai zauna idan wayar ƙarama ce. Layin ya yi ta tafiya har ya fice daga fuskar kwamfutar, sai da ta jawo shi da yatsa. Modibbo Yero shugabanmu, wanda ko saƙon waya sai an karanta masa, ya gyaɗa kai ya ce, “Boɗɗum, ya yi kyau.” Ni ma na tafa. Na fi kowa tafi.

Ba kishi nake ba. Ina rubutawa ne don kada in manta.

Shafin ƙungiya aikina ne. Tun da abin nan ya fara a hanyoyin daji, guruf-guruf na waya suka cika da “na ji an ce”, ƙungiyarmu ta manoma da makiyaya ta ce a samu wuri ɗaya da za a riƙa sa magana tabbatacciya: yau ana bin hanyar Randagi ko ba a bi, ta Kuyello fa, yaushe ayarin masara zai tashi. 'Yan sintiri su gaya wa Malam Matiyu, shi ya kira ni, ni in sa daga shagona na caji da gyaran waya a bakin kasuwa. Da Bootstrap na yi masa kwalliya, kuma har gobe ban ga aibinsa ba. Shi kamar kantin ɗinkakkun kaya yake: ka shiga ka ce a ba ka koren akwati, a ba ka ja, ka fito tsaf. Gaskiya ne duk wanda ya sayi kaya a kantin za ku yi anko da shi. To, anko laifi ne? Hanya a buɗe, kore. Hanya a rufe, ja. Ko akuya ta gane.

Yanzu wai “ya yi nauyi”. Maganar Peculiar ke nan. Wai ina ɗora wa mutumin ƙauye dila guda ta tufafi don ya sa hula ɗaya, nata kuwa abin da aka sa a jiki kaɗai ake aikawa. Modibbo ya ce ƙarshen wata kwamiti zai zauna a zaɓi wanda zai riƙe shafin.

A zaɓa. Kamar dama babu mai shi.

Talata 7 ga Oktoba, da hantsi

Wata tsohuwa mai daddawa daga Randagi ta tare Peculiar a ƙofar shagona. “Ke ce Peculiar mai shafi? Allah ya yi miki albarka, 'yata.” Har da ƙullin daddawa kyauta. Ina tsaye riƙe da cajar tsohuwar a hannuna.

Laraba 8 ga Oktoba, da Azahar

Na kwana ina juya maganar. A ina mutanen Randagi suka san sunanta?

Bari in rubuta yadda abin yake. Kafin ta tafi Kaduna koyon aiki, Peculiar ta zauna a shagon nan tana taya ni. Ita ta rubuta ƙashin shafin, wato rubutun tsura babu ado, ni na sa masa nama da riga. A can ƙasa ta rubuta, “Peculiar Matiyu ce ta tsara wannan shafi.” Da ta tafi ban goge ba, ni ba azzalumi ba ne. Rufewa kawai na yi. Akwai wani ɗan laƙabi a Bootstrap, d-none, in ka manna wa abu sai kwalliya ta lulluɓe shi, kamar ka yafa wa buhu tamfol. Yana nan, amma ido ba ya gani. A gurbinsa na shimfiɗa hoton da na zana da kaina: NABABA DIJITAL da haruffan zinare, da gaggafa ta buɗe fukafukai. Duk wanda ya buɗe shafin a garin nan ya ga gaggafata.

To su na ƙauye fa? Malam Matiyu ne. Shi ke yawo da sunan 'yarsa a coci da wajen taro. Tsohon hedimasta, da murmushinsa na salihai.

Tamfol ɗin nan ma ya rage min wahala. A kasuwa na tashi, ban saba zubar da kaya ba. A watan jiya na ƙirƙiro dabara: maimakon in yi ta gogewa ina sake rubutu, kowace hanya na yi mata sanarwa biyu, koren “A BUƊE” a sama, jan “A RUFE” a ƙasa. Wadda ba ta aiki in lulluɓe. Kafin mai shayi ya gama juya min kofi na gama. A nuna min wannan a makarantar Kaduna. Tun da na yi ma hanyar Randagi ba ta rufe ba, jan yana kwance ƙarƙashin tamfol yana hutawa.

Juma'a 10 ga Oktoba, bayan an sauko daga masallaci

Peculiar ta zo cajin kwamfuta, wai babu wuta a gidansu. Na ba ta soket mafi kyau don kada a ce.

“Oga Nababa, har yanzu riga ɗaya kake sawa da rabin duniya?”

“Injiniya, ke kuma har yanzu kina ɗinka wa kowane maɓalli wandonsa?”

Ta yi dariya. Dariyarta ba ta canza ba, sai dai ta ƙara tsada. Ta ce a inda take aiki hannu da yawa ne a kan shafi ɗaya, shi ya sa suke son Tailwind, kowa ya taɓa abin gabansa ba tare da ya ɓata na wani ba. Na ce mu nan hannu nawa ne? Nawa ne kaɗai, kuma ba ya faɗa da kansa. Na ce rubutunta in mutum ya buɗe sai ya ga kamar an zubar da buhun wake a tsakar gida. Ta ce nawa kuma in ka so canza launin abu ɗaya sai ka yi kokawa da kantin gaba ɗaya. Wannan kam gaskiya ne, amma ban ce mata ba.

Sai ta ce, “Ba ni makullin shafin in duba cikinsa.”

Na ce makulli yana wajen mai gida.

“To ka taɓa buɗe shi a Randagi?”

“Me zai kai ni Randagi a wannan hali? Ai Obed yana can.”

Obed mai kemis ne. Babu sabis a Randagi sai a kan wani dutse bayan gari da suke ce wa Dutsen Sabis. Kullum da safe yana hawa, ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, in shafin ya buɗe ya ɗauki hotonsa, ya sauko ya nuna wa jama'a. Ban taɓa ganinsa ba, amma bai taɓa kawo ƙara ba.

Bakoji, ƙanen matata, ya tafi can yau da babur ɗinsa kwaso masarar surukina. Matar tawa, Maman Usman, ta ce in gaya masa ya dakata. Na ce kore ne, me kike tsoro?

Lahadi 12 ga Oktoba, da yamma

Na rufe shago da wuri, na ce ciwon kai. Gwada Tailwind ɗin na yi, don in san ta inda zan kama shi. Kafin ka rubuta layi ɗaya sai ka sauko da wannan, wannan ya kira ƙanensa, ƙanen ya kira abokinsa. Data ta ƙare ban ga ko maɓalli ba. Abin da ya ɓata min rai shi ne wanda na gani a bidiyo ya yi kyau. Ya yi kyau sosai.

Amma na tsinci wani abu, BEM. Shi ba kanti ba ne, tsarin raɗa suna ne. Kai ke ɗinka kayanka da hannu, sai dai kowane abu ka ba shi suna da asalinsa, wane ɗan wane na gidan wane, yadda Modibbo ke tambayar baƙo kafin ya ba shi tabarma. Wannan zai shiga kunnen dattawa. Kuma ita ba ta ambace shi ba.

Litinin 13 ga Oktoba, da hantsi

Na jefa mata shi a tsakiyar hira, kamar abin da na daɗe da sani.

“Au, BEM? A watan farko muka yi shi. Yana da kyau fa, Oga, in kana da haƙurin raɗa suna. Ka koya.”

Ka koya. Ni na nuna mata inda ake kunna kwamfuta.

Talata 14 ga Oktoba, da sassafe

Malam Matiyu ya kira, muryarsa ƙasa-ƙasa. Hanyar Randagi a rufe, sai yadda hali ya yi. Bai faɗi abin da aka gani ba, ban tambaya ba. Na lulluɓe kore, na yaye ja. Na duba a wayata, na duba a ta mai shayi. Ja wur kamar tumatirin rani. A zo da Tailwind a yi min wanda ya fi wannan ja.

Laraba 15 ga Oktoba, da Azahar

An ce babura huɗu sun taso daga Randagi da asuba ɗauke da masara. Uku sun juya, sun koma gari babu kayan. Na huɗun na Bakoji ne.

Me ya fito da su? Ja ne. Na sa ja.

Laraba, da Magariba

Wayarsa a kashe.

Alhamis 16 ga Oktoba, da safe

A kashe.

Alhamis, bayan La'asar

Na koma gida na tarar da Peculiar zaune a tabarma kusa da Maman Usman, ta kawo kunun gyaɗa a fulas, tana riƙe da hannunta. Maman Usman da ba ta ce min uffan ba tun jiya, ita take wa magana. Na yi sallama, suka amsa tare kamar 'yan gida ɗaya, ni ne baƙon.

Kunun ya yi daɗi. Har wannan ta iya.

Juma'a 17 ga Oktoba, da yamma

An yi addu'a a masallaci, an ce a cocin su Malam Matiyu ma sun yi. Duk wanda ya zo yi min jaje sai in buɗe masa shafin. Ka gani? Ja ne ko ba ja ba? Kowa ya ce ja ne. Wani ya ce, “Nababa, ai ba wanda ya ce ba ja ba ne.” Na sani. Ina nunawa ne kawai.

Asabar 18 ga Oktoba, da hantsi

Alhamdulillahi. Ya dawo.

Da ƙafa ya shigo, wasu makiyaya ne suka rako shi har bakin gari. Babu babur, babu waya, babu masara, ƙafafunsa sun kumbura. Bai faɗi inda ya kwana ba, mu ma ba mu tambaya ba, yanzu ba a tambaya. Maman Usman ta yi kukan da ta riƙe tun Laraba. Da aka watse na zauna kusa da shi, na ce, Bakoji, me ya fito da ku?

Ya dube ni ya ce, “Yaya, shafin ya ce a buɗe.”

Ya juya fuska bango.

Lahadi 19 ga Oktoba, da Azahar

Abu biyu ne. Ko dai Obed bai hau dutsen ba ranar, ya nuna musu tsohon hoto don ƙyuya. Ko kuma wani mai ilimin Kaduna ya san hanyar shiga shafi ba da makulli ba, ana saura 'yan kwanaki kwamiti ya zauna. Ban kama suna ba.

Na san ta tun tana goye. Ba za ta yi ba.

Amma wa ya ci riba?

Talata 21 ga Oktoba, bayan La'asar

Bari in rubuta abin da ya faru.

Ayari ya shigo da rakiya yau. Wani gajeren mutum mai ƙatuwar murya ya shigo shago, ya ajiye waya a kan tebur, fuskarta a tsage an ɗaure da roba. Ya ce a sa masa caji, ya kuma ce, “Maigida, ina zan ga Peculiar mai shafi? Ni ne Obed na Randagi. Mutane suna neman cinye ni ɗanye.”

Na ce ni ne mai shafin.

Ya dube ni sama da ƙasa. “Kai yaronta ne?”

Na ce masa ranar Talata na sa ja, me ya sa ya ce wa mutane kore?

“Wane ja? Dama shafin yana da launi?”

Ana cikin haka ta shigo, an riga an gaya mata ana nemanta. Obed ya buɗe hoton da ya ɗauka ranar Talatar, ya miƙa mana. Ban gane shafina ba. Fari fat, rubutu baƙi ƙanana a jere kamar takardar asibiti. Babu akwati, babu kore, babu ja. A sama: HANYAR RANDAGI A BUƊE. A ƙarƙashinsa: HANYAR RANDAGI A RUFE.

Obed ya ce, “Tun watan jiya muke ganin biyu. Muka ce na sama shi ne na yau, tunda kullum shi ke fitowa daidai. Na ƙasan muka ɗauka tsohon labari ne aka manta.”

Peculiar ta daɗe tana kallo. Sai ta yi wa Obed bayani, ba ni ba, duk da ni take nufi. Ta ce shafi kaya biyu ne ke tafiya. Rubutu ya fara isa, shi ba shi da nauyi. Kwalliya tana biyo baya daga wani wuri mai nisa. A gari duk biyun suna isowa tare. A kan dutse, kafin ta biyun ta iso sabis ya gudu. Kuma abin da ke lulluɓe sanarwa yana cikin kwalliyar.

Wato tamfol ɗina bai taɓa zuwa Randagi ba.

Na ce a ja hoton ƙasa. Ban san abin da ya sa na ce ba. Obed ya nuna wani hoton da ya kamo ƙarshen shafin. “Peculiar Matiyu ce ta tsara wannan shafi.” Shi kaɗai. Babu zinare, babu gaggafa. Ita ma a cikin kwalliya na shimfiɗa ta.

Peculiar ta karanta layin. Ta ɗago ta dube ni. Ta buɗe shafin a wayarta, ta ga gaggafa a inda sunanta ya kamata ya kasance. Ta sake dubana.

“Oga,” in ji ta, “ashe ba ka goge ba.”

Na kasa gane godiya ce ko zagi. Obed ya tambaya ko cajin ya kai rabi.

Laraba 22 ga Oktoba, da safe

Malam Matiyu bai taɓa yawo da sunan kowa ba ke nan. Na goge sanarwa biyun na kowace hanya, na bar ɗaya. Gogewa, ba rufewa ba.

Alhamis 23 ga Oktoba, da yamma

Obed ya kwana biyu a gari, kuma bakinsa ba shi da murfi. Mai shayi ya ce min, “In zuba maka a lulluɓe ko a yaye?”

Na kai wa Bakoji babur ɗina. Dama yana shan mai, kuma daga gida zuwa shago tafiya ce mai gyara jiki. Ya karɓi makullin. Maman Usman ta sa min nama biyu a miya.

Asabar 25 ga Oktoba, da Azahar

Na ba Peculiar makullin shafin. Aro ne.

Ta zauna a kujerata tun safe. Na leƙa ta kafaɗarta in ga buhun waken nan, ban gan shi ba. 'Yan layuka ne na CSS, kwalliya ta hannu, ta cusa su a cikin shafin kansa don su yi tafiya tare da rubutun, a buhu ɗaya. Kowace sanarwa da ranarta a rubuce. A RUFE da manyan haruffa, ko launi ya zo ko bai zo ba. Sunayen ma irin na BEM ta raɗa musu. Nawa BEM ɗin.

Na ce, “Injiniya, ina Tailwind? Ko an bar shi a tasha?”

“Nawa ma in na bar shi a fayil dabam zai iya maƙalewa a hanya. Ya fi naka sauƙi, amma dutsen ba ruwansa. Shafi ɗaya ne, layi kaɗan ya ishe shi.”

“To kin yarda kin faɗi.”

“Oga, ai ba addini ba ne. Kayan aiki ne. Naka ma da ka san inda za shi, da ka rage masa kaya.”

Na so ta yi musu. Na shirya mata amsa tun jiya, har guda uku. Mutum ya zo da shirin faɗa a ce masa kayan aiki ne.

Ta kashe kwalliyar gaba ɗaya ta nuna min shafin tsirara, ya karantu daidai. Ta ce daga yau haka za a riƙa gwadawa kafin a saki. Mummuna ne. Kamar allon makarantar firamare. Ya buɗe kafin in ƙifta ido.

Ba kishi nake ba.

Talata 28 ga Oktoba, da hantsi

Obed ya kira daga kan dutse, iska tana kaɗa muryarsa. Wai yau ya ga ja a karon farko, hanyar Kuyello. “Ashe haka kuke jin daɗi a gari!” Ya ce a gaida Peculiar.

Juma'a 31 ga Oktoba, bayan La'asar

Kwamiti ya zauna. Bakoji yana bakin ƙofa a kan benci, bai shigo ba, bai tafi ba.

Na zo da jawabi a kan cewa kowane tsari da amfaninsa. Ba a kai gare shi ba. Peculiar ta tashi ta ce kwalliyar tsohon shafin ba ta isa ƙauye, an gyara. Ta zauna. Ba ta ambaci tamfol ba, ba ta ambaci gaggafa ba. Da ta tona ni da na san abin da zan yi da ita. Yanzu kowa ya san ta sani, kuma kowa ya ga ta yi shiru. Malam Matiyu ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da yake wa ɗalibin da ya zo da wankakken hannu bayan an ga tawada a bango.

Modibbo ya gyara rawani ya ce, “Ni ban san Telwin ba, ban san ɗayan ba. Amma in mutum ya zo ya ce min rafi ya janye a kora shanu, sai na san wane ne ya faɗa, don in san ƙofar da zan buga in ba haka ba ne. Wannan shafin wa ake bugawa?”



Ya ce ginin shafin na Peculiar ne, ta riƙa dubawa ko daga Kaduna, sunanta ya zauna a ƙasa inda yake. Sa labari kuma nawa ne, tunda ni ke nan kullum kuma ina da sola. Amma kowace sanarwa a rubuta a ƙarƙashinta: Nababa ne ya sa, ga lambarsa. Da rubutu tsura, wanda zai hau dutse.

“Ka yarda, Nababa?”

Na ce, Allah ya ƙara girma, ai abin da na daɗe ina nema ke nan.

Gaggafa kuwa ba wanda ya tambaya.

Litinin 3 ga Nuwamba, da hantsi

Peculiar ta bi ayarin jiya ta koma Kaduna. Ta bar min takarda manne a bango: “Kashe kwalliya ka duba kafin ka saki.” Na cire, na sake mannawa, don bangon yana da tabo a wurin.

Sunana ya hau Dutsen Sabis. Ya je Kuyello, ya je Kusasu, ya shiga rugagen da ban taɓa jin sunansu ba. Tun asuba wayata ba ta huta ba. Yanzu kafin in sa kalma ɗaya sai na kira Malam Matiyu sau biyu, har ya fara cewa, “Nababa, na gaya maka ɗazu.” Na rame. Shayi ma a tsaye nake sha.

Ɗazun nan wani dattijo ya kira daga Kusasu, ana jin kukan shanu a bayansa.

“Kai ne Nababa?”

Na ce ni ne, Baba. Na gyara zama. Na daɗe ina jiran wannan tambayar daga bakin mutumin ƙauye.

“Na ga sunanka a shafin Peculiar. An ce a buɗe. Ɗana zai fita da kaya. Ka tabbata?”

Na ce na tabbata.

“To. In ba haka ba, na san sunanka.” Sai ya ƙara da cewa, “In ka ga yarinyar ka ce Allah ya yi mata albarka.”

Na ce za ta ji.

To, tsakanin wadda ake sa wa albarka da wanda aka san sunansa, wane ne mai shafin?